Hukuncin Tsare 'Ya'yan Ƙoƙi-ƙoƙi a Gida da Ba Su Ƙwari Masu Rai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 11 ya ga wani abu kamar busasshiyar kumfa manne a reshen zogale a bayan gidanmu, ya karyo reshen ya sa a roba ya rufe. Ashe ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi ne. Yau kwana huɗu da suka ƙyanƙyashe, sun fi ɗari, ƙanana kamar sauro. Yaron ya ƙwallafa rai a kansu, amma kullum raguwa suke, mun ga suna cin junansu. Ya ce ba sa cin komai sai ƙwaro mai rai. Wan mahaifinsa ya ce haramun ne a miƙa wa mai rai wani mai rai ya cinye, haɗa dabbobi faɗa ne, a fesa musu fiya-fiya kowa ya huta. Ni kuwa na ƙyale shi don na ɗauka wasan yara ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya raya yaron, Ya saka miki da alheri da kika ga abin ya kai a tambaya.

Ajiye ƙoƙi-ƙoƙi a gida halal ne matuƙar za a ba shi haƙƙinsa, hadisin Abu Umair, yaron da ke wasa da ɗan tsuntsunsa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba, ya wadatar a nan. Ba najasa ba ne, da ransa ko a mace, domin ba shi da jini mai gudana, kuma ko an same shi a tufafi ko a tabarmar salla babu komai.

Inda hukuncin ya juya shi ne maganganu biyu da kika faɗa a tsakiyar tambayarki kamar ba su da nauyi: kwana huɗu a roba ɗaya suna cin junansu, da kuma shekarun yaron. Yaro ɗan shekara 11 da bai balaga ba alƙalami bai hau kansa ba. Ke da mahaifinsa ne kuka sani kuka bari, don haka ku za a tambaya. Matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa, laifin da hadisi ya ambata mata shi ne ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Robar da ke ɗakinki yanzu haka ta haɗa duka biyun. Gaskiya ne ko a daji ƙoƙi-ƙoƙi yakan ci ɗan'uwansa, amma a can da zarar sun fito sukan watse cikin ganye, kowa ya kama gabansa. Murfin da aka rufe ne ya hana su watsewa, yunwa kuma ta ƙarasa sauran. Abin da ya wuce kafin ku sani babu laifi a kanku. Daga yau kuwa bai halatta ku kwana da su a haka ba. Ku zaɓi 'yan kaɗan da za ku iya ɗauka, uku ko huɗu, kowanne da robarsa, sauran a mayar da su jikin zogalen nan ko wata shuka mai duhun ganye, a warwatsa su kada a juye su wuri guda, kuma a duba babu jerin tururuwa a wurin don za ta kwashe su. Idan kun ga ba za ku iya ko ɗaya ba, a sake su duka, kuma ni wannan ya fi kwanta mini a rai.

Sai maganar wan mahaifinsa. Na san tausayi ne ya sa shi faɗar haka, kuma na sha jin irinta daga masu kishin addini, amma ba ta tsayu ba. Hadisin da yake nufi shi ne hanin zuga dabbobi su yi faɗa, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Ibn Abbas. Tirmizi da kansa ya nuna riwayar da Mujahid, almajirin Ibn Abbas, ya kawo ba tare da ambaton Ibn Abbas ba ita ce mafi inganci, wato akwai magana a isnadinsa. Ban tsaya a nan ba, domin ma'anarsa ingantacciya ce kuma malamai sun yi aiki da ita. Sai dai mene ne ma'anar? Ita ce a haɗa rago da rago, ko zakara da zakara, su raunata juna mutane na kallo suna shewa, ba don wata buƙata ta dabbar ko ta mai ita ba. Dalilin hanin shi ne azabtarwa don wasa. Wanda ya sa ƙuda a gaban abin da Allah Ya halitta ba ya rayuwa sai da ƙuda, ciyarwa ya yi, kuma ciyarwar nan ita ce sharaɗin da ya halatta masa tsarewar tun farko. Ƙoƙi-ƙoƙi motsi yake bi, yakan laɓe har abin ya gitta ya cafke shi da hannuwansa na gaba. Jaririnsa ba zai kula da gero ko tsaki ba, mataccen ƙwaro ma yawanci ba ya kallonsa. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Da ƙa'idar wan mahaifin nasa ta inganta, da farauta da kare da tsuntsu ta haramta, alhali aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta ta ƙarara, kuma a can ma mutum ne yake sakin mai rai a kan mai rai. Da masunci bai sa tana a fatsa ba. Da matan ƙauye ba su haƙo gara sun zuba wa 'yan tsaki da 'ya'yan zabi ba, abin da ake yi gaban malamai tun kaka da kakanni. Wani zai kawo hadisin Anas, da ya ga samari sun ɗaure kaza suna harbinta ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana haka. Wannan ma mai rai ne aka mayar abin gwada saiti, mutuwarsa ba ta ciyar da kowa ba. Sannan a dubi maganin da wan mahaifin nasa ya kawo: don gudun mutuwar ƙuda goma, a kashe rai ɗari da guba, waɗanda ba su cutar da kowa ba, hasali ma suna rage wa manomi ƙwarin da ke cin shukarsa. Ibn Abi Zaid a ƙarshen littafinsa Risala, ko tururuwar da ta cutar sai da ya ce da an bar ta ba a kashe ba ya fi soyuwa gare shi. Ina ga wadda ba ta cutar ba? Ki gaya wa mahaifin yaron ya isar masa da wannan cikin ladabi, babba ne, kada a mayar da abin gardama a gaban yara.

Amma akwai inda maganarsa za ta zama gaskiya, kuma a nan nake so ki sa ido. Ranar da yaron ya haɗa biyu a roba ɗaya don ya ga wanda zai ci wani, ko ya tara abokai suna ihu, ko aka ɗauka a waya don a sa a TikTok, ko ya fizge wa fara ƙafa don ya daɗe yana kallo, to an shiga hanin kai tsaye. Kada kuma ya ba su tururuwa ko ƙudan zuma, an hana kashe su a wani hadisin na Ibn Abbas. Ya ba su gwargwadon ci, abin da ya rage ya sake shi.

Tunda riƙon amana ne, ga yadda ake sauke ta. Abincinsu a wannan girman shi ne ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ɓawon ayaba ko mangwaro, da darɓar da ke manne a ganyen wake, kullum ko bayan kwana biyu, kuma kada abincin ya fi su girma. Kada a sa musu ruwa a murfi, nutsewa za su yi. Yayyafi kaɗan a jikin robar ya isa, kamar raɓa, daga nan suke sha. A cire murfin a ɗaura yankin tsohon gidan sauro da aka wanke sosai, wanda ba mai magani ba, don iska ta shiga. A sa ɗan kara a tsaye, robar kuma ta ninka tsawon ƙwaron kamar sau uku, domin suna yin saɓa sau da dama kafin su girma, kuma a rataye suke yinta kai ƙasa. Idan kika ga ɗaya ya daina ci ya yi shiru, mai yiwuwa saɓa zai yi, kada a taɓa shi, a kuma fitar da ƙwaron da ke ciki har jikinsa ya yi ƙwari. Inuwa ake ajiye su, rana tana dafa su a cikin roba, kuma nesa da hayaƙin maganin sauro.

Fiya-fiyar nan kuwa, ko babu ƙoƙi-ƙoƙi, ki nisanta ta daga ɗakin da yara ke kwana da inda hannunsu ke kaiwa. Guba ce da ke halaka mutum.

Game da yaron, kada ki dake shi kada ki yi masa dariya. Yaron da zai tsuguna yana lura da abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba yana da baiwar da ya kamata a raya. Ki zaunar da shi ki karanta masa aya ta 38 a Suratul An'am, cewa su ma al'ummu ne kamarmu, ki ba shi labarin matar kyanwa, sannan ki bar shi da hannunsa ya saki waɗanda za a saki. Ki gindaya masa sharaɗi: kula da su ba zai ci lokacin salla ko Islamiyya ba, kuma duk ranar da ya gaji da neman ƙuda, ko za ku yi tafiya babu mai duba su, a ranar zai buɗe robar ya kai su jikin zogale.

Wallahu a'alam.