Fiffike Kafin Inji

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa da aka kawo mana ƙaramin jirgin sama samfurin Cessna 182 don mu gyara shi ya riƙa tashi da sauka a gajeren fili da kaya, ban fara da sa masa babban inji ba. Masu jirage da yawa ma inji suke fara nema.

Inji yana taimakon tashi, amma wajen sauka ba abin da zai tsinana maka. Tsawon filin da jirgi zai ci ya dogara ne da gudun da yake yi sa'ad da taya ta taɓa ƙasa. Rage wannan gudun da kashi 10 cikin 100, sai aikin da birki zai yi ya ragu da kusan kashi 19. Don haka abin da muke nema shi ne fiffike ya ci gaba da ɗaukar jirgin ko da yana tafiya a hankali.

Idan matuƙi ya ɗaga hanci sosai yana rage gudu, akwai inda iska za ta saki saman fiffiken, jirgin ya fara faɗuwa. Wannan sakin muke jinkirtawa. Kayan gyaran fiffike da ake sayarwa da sunan Sportsman da na Horton suna ƙara wa bakin fiffike na gaba kauri da lanƙwasa, iska ta bi shi ba ta rabu da shi da wuri ba. Ƙananan faifan alminiyom ɗin nan masu kama da farce, da ka ga ana mannawa a jere, suna murɗa iskar ne ta manne da fiffiken. Wurin manna su ba da ido ake zaɓa ba. Bi ma'aunin da ya zo da su, a fiffiken hagu da na dama daidai wa daida, in ba haka ba ɗaya zai riga ɗaya saki, kuma kusa da ƙasa wannan na iya kashe mutum.

Sai manyan tayoyi masu taushi don duwatsu da yashi, irin masu inci 31 da ake sa wa ƙaramin jirgin Piper Super Cub a Alaska, da farfelar da ta fi ja a wajen tashi. Ka gaya wa mai jirgi gaskiya: duka biyun suna rage masa gudu a sama.

In ya dage sai inji, ka tuna masa cewa babban inji yakan fi nauyi ya kuma fi shan mai, nauyin kuma a hanci yake zama. Zafi da tudu suna sa iska ta yi sako-sako, su tsawaita tashi ko da wane inji ne.

Kada ka ɗaura komai sai yana da takardar amincewar hukuma ga wannan samfurin jirgin, wadda a Amurka ake kira STC. In mun gama, za mu ɗora shi a sikeli, mu sake lissafa inda tsakiyar nauyinsa ta koma, mu rubuta a littafin jirgin kafin kowa ya tayar da shi.