Haɗa Ledger da MetaMask zai kare kuɗina?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko haɗa Ledger, ƙaramar na'urar adana mabuɗin kuɗin kirifto, da MetaMask, walat ɗin kirifto da ke aiki a burauza, zai kare kuɗinka. Zai kare, amma waɗanda ke adireshin da na'urar ta ba ka kaɗai. Tsohon asusunka na MetaMask yana nan yadda yake, sai ka kwashe kuɗin ka mayar sabon.

Mabuɗin sirri, wanda ke ba da ikon kashe kuɗin, ba ya fita daga na'urar. MetaMask shirya ciniki kawai take yi, kai ne za ka danna maɓalli a jikin na'urar ka amince. Don Allah kada ka taɓa rubuta kalmomin nan 24 na dawo da asusu, waɗanda na'urar ta ba ka, a burauza, ko wa ya nema. Kafin ka danna kuma, karanta adireshi da adadin kuɗin a ɗan allon na'urar harafi-harafi, domin kwamfutar da aka yi wa kutse tana iya sauya adireshin da ka kwafa.