Me Ya Sa Hanya Mai Lamba 100 A Jihar Vermont Take Bin Gaɓar Kogi?

Tambaya: Na ga taswirar hanya mai lamba 100 a jihar Vermont ta Amurka, tana ta lanƙwasa tana bin koguna da ƙauyuka. Me ya hana injiniyoyi su miƙe ta sambal?

Amsa: Malam, ba injiniya ne ya fara zaɓar wa wannan hanya wurin bi ba, ruwa ne ya riga shi. Tsawonta ya kusa kilomita 350, daga kan iyakar jihar Massachusetts a kudu har zuwa yankin Newport kusa da Kanada, kuma kusan duk tafiyar a gindin jerin duwatsun Green Mountains take yin ta. A irin wannan ƙasa, kwarin da kogi ya yanka shi ne kaɗai wurin da gangare yake da sauƙi, wanda keken doki a da, ko babbar mota a yau, zai iya hawa da lodi. Ƙauyuka irin su Rochester da Hancock da Waitsfield a bakin ruwa aka kafa su, saboda injinan niƙa da na yankan katako da ƙarfin ruwa suke juyawa, ga kuma ƙasar noma mai kyau. Da gwamnatin jiha ta zo, sai ta haɗa tsofaffin hanyoyin da ke tsakaninsu ta ba su lamba ɗaya. Mai sauri yana da manyan hanyoyi masu lamba 89 da 91.

Wurin da ya fi nuna wannan shi ne matsatsin Granville. Daga kudu hanyar tana bin kogin White, daga baya ta bi wani ɗan rafi da ke zuba cikinsa, sannan ta kutsa tsakanin duwatsu biyu inda da ƙyar kwalta da rafi suke samun wuri, ta gangara kwarin kogin Mad. Ruwan da ya zuba kudu da nan kogin Connecticut yake nufa, na arewa kuwa tafkin Champlain.

Sai dai maƙwabtaka da kogi tana da tsada. Ranar 28 ga Agustan 2011 guguwar Irene ta sauke ruwan da ya lalata fiye da kilomita 800 na hanyoyin jihar, garuruwa 13 suka yanke daga ko'ina, ciki har da Rochester da Pittsfield. A Rochester rafi ya ci maƙabarta har ya fito da akwatunan gawa. A wurare da dama kwalbatoci ne suka yi ƙanƙanta, itatuwa da tsakuwa suka toshe su, ruwa ya haura ya zaftare kwalta. Hanya mai lamba 107, wadda ta haɗu da mai lamba 100 a garin Stockbridge, sai ƙarshen Disamba aka sake buɗe ta.

A ganina, ɗauke hanyar zuwa kan tudu ba mafita ba ce, domin fasa dutse yana cin kuɗi, kuma mutanen da aka yi ta dominsu a kwari suke zaune. Abin da ya fi dacewa shi ne faɗaɗa kwalbatoci da gadoji, a kuma bar wa kogi filin da zai malala idan ya cika.