Wane ne Neal Boortz?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Boortz ɗan jam'iyyar Republican ta Amurka ne. A'a, libatariyan yake kiran kansa, masu cewa gwamnati ta cire hannu daga aljihun mutum da harkar gidansa. Tsohon lauya ne, an haife shi a 1945, ya daɗe yana shirin kiran waya a rediyon WSB na Atlanta har ya yi ritaya a 2013, ɗan kasuwa kuma ɗan siyasa Herman Cain ya gaje shi. Babban abin da ya dame shi haraji: a soke na albashi, a koma na saye, kashi 23. Amma ya goyi bayan yaƙin Iraƙi, abin da ya ɓata wa 'yan aƙidarsa da yawa rai. Bakinsa kuwa, kaifi kamar reza. Lokacin da yake shirin, mai kira ya yi shirme, a take zai wanke shi tas.