Za mu je kallon dutse mai aman wuta, mu kwana a bakin teku: akwai haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun shirya tafiyar yini guda a mota, ni da uwargida da yara biyu. Da safe mu hau kallon wani dutse mai aman wuta, da rana mu yada zango a ƙaramin garin da ke gindinsa, da dare mu kafa tanti a bakin teku. Autanmu yana da asma, shi ya sa hankalina ya ƙi kwanciya. Wani ɗan jagora ya ce dutsen ya daɗe yana barci, in mun ji wari mu jiƙa hankici mu rufe hanci, shi ke nan. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tafiyar za ta yiwu, Malam, amma ba bisa shawarar wannan ɗan jagoran ba. Maganarsa ita ce wadda muke fama da ita kullum: wai in dutse ba ya fitar da wuta to lafiya lau, kuma wai hanci zai sanar da mutum in akwai matsala. Duka biyun ƙarya ne, kuma sun ci rayuka.

Iskar da ta fi yi wa masu yawon buɗe ido kwanton ɓauna ita ce kabon dayoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, nauyinta ya kai ninki ɗaya da rabi na iskar da muke shaƙa. Don haka gangarawa take yi ta kwanta a rami da kwari da kogo, musamman da sassafe in babu iska mai kaɗawa. In ta kai kashi 3 cikin 100 ciwon kai da jiri za su fara, in ta haura kashi 10 mutum na iya sumewa cikin mintuna. Yaro ya fi babba shiga haɗari saboda hancinsa ya fi kusa da ƙasa. Ita ce ta taso daga tafkin Nyos na Kamaru a watan Agustan 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700, ba tare da an ga ko tartsatsin wuta ba. To jiƙaƙƙen hankici me zai yi mata? Ko takunkumin da ke tare ƙura ba ya tare iskar gas.

Sai haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa takan kashe jin wari gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta wuce alhali a lokacin ne ta fi ƙarfi. Ita kuwa salfa dayoksaid, mai yaji a ido da maƙogwaro, kaɗan daga cikinta ya isa ya tayar wa mai asma da ciwonsa. Kada autanku ya kusanci inda tururi ke fita, ko inda ƙasa ta yi rawaya da farar wuta. Ku tsaya ta ɓangaren da iska ke kaɗowa, yadda za ta kore tururin daga gare ku, maganinsa na shaƙa yana aljihunka, kada a bar shi a mota. In kuka ga matattun tsuntsaye ko busasshiyar ciyawa a cikin wani kwari, ku hau tudu nan take. Wani ya faɗi a rami, a nemi masu ceto, kada a bi shi. A Solfatara, wani bakin dutse mai aman wuta a Italiya, a 2017 yaro ya faɗa rami, uba da uwa suka bi shi, duka ukun suka rasu.

Batun cewa dutsen yana barci kuma, dutsen Ontake na Japan yana matakin gargaɗi mafi ƙanƙanta ranar 27 ga Satumba 2014 lokacin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya zama tururi ya fashe, mutum 63 suka mutu ko suka ɓace. Irin wannan fashewar sau da yawa ba ta sallama. Mai neman kuɗin jagora ba shi ke auna girgizar ƙasa ba. Ka duba sanarwar hukumar da ke sa ido kan dutsen da safiyar ranar, kuma in an ja igiya an rufe hanya, ba da wasa aka ja ta ba.

Sauran tafiyar da sauƙi. Zafi na raguwa kamar digiri 6 a duk hawan mita 1,000, a ɗauki rigar sanyi da rufaffen takalmi, domin busasshen narkakken dutse yana yanka kamar fasasshiyar kwalba. Wajen gangarowa ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, in ka danne birki tun daga sama zai yi zafi ya daina kamawa. Toka ta zauna a gilashi, a zuba ruwa sosai kafin a goge, in ba haka ba za ta kankare shi. A garin ku sha mai, ku cika ruwan sha, aƙalla lita 3 ga kowane mutum, ku tambayi inda asibiti yake.

Ku isa bakin teku da sauran rana. A yawancin gaɓoɓi teku na cikowa sau biyu cikin awa 24 da minti 50, kuma ya fi hawa a tsayuwar wata da cikarsa. Nemi layin da ruwa ya tara ciyayi da itatuwa, ka kafa tanti can sama da shi, nesa da gindin gaɓa mai zubewa da kuma bakin kogin da ya gangaro daga dutsen, don ruwan sama a can tudu na iya turo taɓo da duwatsu cikin dare. Turakun tanti ba sa kama yashi, sai a ɗaura igiyar a jikin itace ko jakar yashi a binne. Kada a shigar da garwashi ko risho cikin tanti ko da sanyi ya matsa, hayaƙinsu marar wari yana kashe masu barci.