Amsa: Kullun waina yana tashi har ya zube

'Yar'uwa, kin ce kullun wainarki yana tumbatsa ya malale ƙasa kafin asuba, kuma wainar ta fito da tsami. Zafi ne ya jawo miki. Yis yana cin sukari ya riƙa fitar da iska, kuma a zafin Afrilu, da ake kaiwa digiri 40 a Kano ko Sakkwato, aikin da yake yi a dare guda lokacin hunturu sai ya gama shi cikin awa 2 ko 3.

Ni ma ya taɓa min. Na tashi na tarar murfin bokiti a gefe, kullu ya bi siminti har bakin ƙofar kicin, ƙudaje sun riga ni.

Ki rage yis ɗin zuwa rabin abin da kika saba. Ki kwaɓa da ruwan randa mai sanyi, ba ruwan ɗumi ba, kuma sukari ki bar shi sai za ki fara suya. Abin da ya fi komai a wurina shi ne mazubi: kada kullu ya wuce rabinsa. Ki rufe da faifai ko tsumma mai tsabta, don murfi mai kamawa yana tare iska har ta ture shi. Sai ki ɗora bokitin cikin baho mai ruwan sanyi, a inuwa.

In kin ga ya taso, ki juya da ludayi ya sace. In kuwa tsamin ya riga ya shiga, ɗan ruwan kanwa kaɗan zai karya shi, amma kada ki cika, wainar za ta yi ja.