Tambayoyin Masu Karatu: Za a farfaɗo da rijiya, in sayi hannun jari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wani ƙaramin kamfanin mai da ake cinikin hannun jarinsa a Landan. Ya sanar cewa zai yi wa rijiyarsa aikin farfaɗowa, kuma abokaina na cewa farashi zai ninka da zarar an gama. Mene ne wannan aikin, kuma in shiga? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai ba a tafki yake kwance ba, a ƴan ƙananan kafofin dutse yake. Wani lokaci lakar haƙa ce ke toshe kafofin da ke kusa da rijiyar, wani lokaci kuma dutsen ne da kansa ya matse. Kowanne da maganinsa.

Idan toshewa ce, asid ake turawa. A dutsen farar ƙasa, yawanci haidurokulorik mai ƙarfin kashi 15 cikin 100 ne. A dutsen yashi kuwa, sananniyar haɗuwar ita ce kashi 12 na haidurokulorik da kashi 3 na haidurofulorik. Dole a fara wanke wurin da haidurokulorik zalla, domin in haidurofulorik ya gamu da sinadarin kalsiyam, gari ne ke kwantawa ya ƙara toshe kafofin. Haka in an bar gajiyayyen asid ya jima a ƙasa ba a dawo da shi ba. Sannan asid na bin inda ya fi sauƙin shiga, wanda sau da yawa sashen ruwa ne, sai rijiya ta koma fitar da ruwan gishiri.

Idan dutsen ne ya matse, fasa shi ake yi da matsin ruwa haɗe da yashi, yashin ya tokare tsagar kada ta rufe. Rijiya ɗaya da aka haƙa a kwance cikin dutse a Amurka kan sha ruwa lita miliyan 10 ko fiye, a matakai da yawa. Shi ma wannan aikin kan ɓaci: yashi kan cushe tun aiki bai kai rabi ba, tsaga kan haura zuwa sashen ruwa, siminti mara kyau a bayan bututu kan karkatar da matsin.

To, inda masu zuba jari ke faɗawa rami shi ne sanarwar farko bayan aikin. Kwanakin farko ruwan da aka tura ne ke dawowa. Daga nan kamfani ya zaɓi awa 24 mafi kyau ya buga. Kar adadin nan ya ruɗe ka. Nemi matsakaicin kwana 30, in da hali 90. Duba ko an faɗi girman ƙofar da aka buɗe a kan rijiya da matsin da ke wurin, domin adadi mai hawa alhali matsi na faɗuwa da sauri alama ce ta ƙaramin rumbu. Duba kason ruwa: rijiyar da ke ba da ganga 300 a rana, kashi 70 ruwa, mai ganga 90 take bayarwa. In aka ce "kwatankwacin ganga", an haɗa da iskar gas, kimanin ƙafa kubik 6,000 a matsayin ganga guda, kuma gas ɗin da ba shi da bututu ba kuɗi ba ne. Rijiyoyin da aka fasa a matsattsen dutse kan rasa kashi 60 zuwa 70 na abin da suke bayarwa a shekarar farko.

Ga misalan inda fasa dutse bai kai ga riba ba. A Folan, hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka ta yi hasashen gas mita kubik tiriliyan 5.3 a 2011. An haƙa rijiyoyi kusan 70, babu wadda ta biya kuɗinta. ExxonMobil ya fita a 2012, Chevron a 2015. A Ingila kuwa girgizar ƙasa mai maki 2.9 ce ta tsayar da aikin kamfanin Cuadrilla a 2019, gwamnati ta dakatar da fasa dutse a watan Nuwamba na shekarar.

Ra'ayinmu: kafin sakamakon kwana 30, sayen nan caca ce. Ka kuma buɗe rahoton kuɗin kamfanin. In kuɗin da ke asusunsa bai kai na haƙa rijiya ta gaba ba, sabbin hannayen jari zai fitar da zarar labari mai daɗi ya ɗaga farashi, naka kason ya ragu.

Tambaya: An ce filin man Kolmani, da ke iyakar Bauchi da Gombe, na da mai ganga biliyan ɗaya. Me ya hana a fara sayarwa? (Wata mai karatu daga Gombe)

Amsa: Hajiya, adadin da aka ambata sa'ad da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022 ƙiyasi ne. Masu harkar ba sa kiran mai tabbataccen rumbu sai an gwada rijiyoyi, an amince da tsarin haƙowa, an ga ribarsa, an kuma sami tabbacin kashi 90 cikin 100 cewa zai fito. Cikin duk man da ke kwance a ƙasa kuwa, daga ƙasa da kashi ɗaya bisa uku zuwa kusan rabi ake iya fitarwa a yawancin filaye. Sai hanyar kai shi kasuwa: Nijar ta fara haƙo man Agadem a 2011, amma ɗanyen mai bai hau jirgin ruwa ba sai 2024, bayan an shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Jamhuriyar Benin.